Allura ko Jarida

Ni mutum ne mai son dariya, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Tun ina Salaga, a farkon shekarun tamanin, in aka ce mai majigi ya iso gari, to ranar da wuri nake rufe rumfar doya. A harabar wani tsohon sito yake ɗaura farin ƙyalle, mu zauna a kan bencina da duwatsu, injin wuta yana ta ƙara a bayanmu. Fim ɗin faɗa bai dame ni ba, na soyayya kuwa barci yake sa ni. Na barkwanci nake jira.

Kusan kowane fim na barkwanci da tsohonsa. Ba tsohon gaskiya ba ne, saurayi ne aka barbaɗa wa gari a ka, aka ba shi sanda, aka ɗora masa tabarau a ƙarshen hanci. Akwai wani da ba na mantawa. An miƙa masa takarda, ya riƙe ta kusa da fuska bai gani ba, ya miƙe hannu bai gani ba, sai ya ba wani ya ce riƙe mini, ja da baya, ƙara ja, har mutumin ya faɗa kwata da takardar a hannu. Na yi dariya har na zame daga benci. Taubashina, ɗan gwaggona, wanda mahauci ne kuma tare muka tashi, shi ya ɗaga ni yana cewa, “Ɗan kawu, in ka mutu a nan ba mai yi maka salla. Za a ce dariya ce ta kashe shi a gidan majigi.”

Daga baya na kwashe iyalina na koma Yendi, saboda sana'a. Ina sayen doya a Kpandai in kai Bawku, in juyo da albasa, Yendi kuwa ita ce tsakiya. Taubashin nan nawa bai daɗe ba ya biyo ni, wai tun da na tafi ya rasa wanda zai zaga a Salaga. Kafin shekarun tamanin su ƙare majigi ya ja baya, bidiyo ya shigo. Ɗaki ne mai rufin kwano a bayan tasha, an toshe tagoginsa da buhuna, talabijin a kan tebur, ana farawa bayan la'asar. In ba na kan hanya, can za a same ni.

A ɗakin nan aka fara kira na Baba. Na shiga wata rana ya cika, na tsaya a bango kamar yadda na saba, sai wani saurayi mai gemu, wanda na san yana da mata da ɗa, ya tashi ya ce, “Baba, ga wuri.” Na waiga in ga baban. Bango ne a bayana. Na ce masa ya zauna abinsa, ƙafafuna lafiyarsu ƙalau, na tsaya har aka gama fim ɗin. Gwiwoyina sun yi mini magana a hanyar gida, ban kula su ba. A tasha ma haka aka soma yi mini. Ni da na saba hawa saman lori in zauna kan doya, sai direba ya ce, “Baba, zo gaba.” Wannan kam na karɓa, don hanyar Bawku ba ta wasa da ƙugu, amma na gaya masa don iska nake shiga, ba don tsufa ba.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Finafinan da ake kawowa a lokacin wasu suna da rubutu a ƙasa. Yaran da suka yi boko sai su karanta su fashe da dariya, ni kuma in jira har wani ya faɗa mini abin da aka ce, sannan in yi tawa ni kaɗai, bayan kowa ya gama. Dariyar da ta makara ba ta da daɗi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, makarantar allo ya kai ni, na kuma gode masa, amma boko bai bari na leƙa ko ƙofarta ba. Na yi shekaru ban ji rashinta ba, sai a ɗakin bidiyo.

Shi ya sa da aka buɗe ajin manya a unguwarmu, a farkon shekarun casa'in, na je na ba da sunana. A makarantar firamare ake yi, bayan yara sun tashi. Muna zama a kan kujerunsu, gwiwa tana dukan tebur. Tichanmu saurayi ne ɗan zango, wato unguwarmu ta Hausawa, mai ƙoƙari, mai saurin fushi kaɗan. Ya ce da Hausa za mu fara, sai mun iya namu sannan mu taɓa na Turawa a aji na biyu. Ya raba mana wani ɗan littafi da shi da kansa ya haɗa, aka buga a injin ofis, rubutun ƙanana, tawadar ta kwanta kamar an wanke ta.

Mai ɗakina ta ɗinka mini 'yar jaka ta saka littafin. Taubashina kuwa har gida ya zo.

“Ɗan kawu, an ce ka shiga makaranta. Wa ke goya ka da safe?”

“Da yamma muke yi.”

“To in yi maka guzurin ƙashi ka riƙa gwaigwaya a aji? Kai da furfura ta fara cin gemunka, me za ka yi da a, ba, ca?”

“Abin da ba za ka taɓa yi da su ba.”

Watannin farko na ji daɗinsu. Duk abin da ticha ya rubuta a allon bango, ni ke fara karantawa. Ba, be, bi, bo, bu. Tulu, rago, gida, kasuwa. Daga kujerar baya nake hango su tar, har da 'yar ƙugiyar da ke bambanta ƙ da k. Ticha yakan nuna ni ya ce wa sauran, “Ku dubi Baba.” A bakinsa ban ƙi sunan ba.

Matsala ta zo ranar da ya ce a bar allo, kowa ya buɗe littafi. Na buɗe, na duba, sai na ga baƙaƙen sun rungumi juna. Na san akwai rubutu a wurin, amma ya zama kamar tururuwa a cikin ƙura. Na matso da shi, ya ƙara dagulewa. Ya ce in karanta layin farko, na kasa. Ya faɗi kalmar farko, na maimaita, na sake tsayawa. Haka aka yi ranar, haka aka yi kashegari, haka aka yi ta yi.

Wata rana ya ajiye alli ya ce, “Baba, na gane ka. Hadda kake yi.”

“Hadda kamar yaya, Ticha?”

“Irin ta makarantar allo. Kana jin abin da na faɗa lokacin da nake rubutawa, ka haddace, in na nuna ka zubo shi. Ba karatu ba ne wannan. Ga shi an ba ka littafi ka tsaya cik.”

Ajin ya yi dariya, ba ta mugunta ba, amma dariya ce. Na san abin da yake nufi, don duk mun san yaron da zai karanta allo daga sama har ƙasa idonsa yana kan ƙadangare. Na ce masa ba haka ba ne. Ya ce to mene ne? Ni ma ban sani ba.

Ya ce kafin azumi zai gwada kowa da littafi. Wanda ya karanta ya wuce aji na biyu. Wanda ya kasa ya bar kujera, saboda akwai mutane da yawa da ke jiran wuri, kuma yawancinsu matasa ne. Bai dube ni ba da ya faɗi haka. Da ya dube ni ma da ya fi mini sauƙi.

Labari ya isa mahauta kafin in isa gida. Da na bi ta gaban rumfar taubashina ya ɗaga wuƙa ya kira ni.

“Ɗan kawu, zo ka ga wani abu.” Ya nuna mini kan tsohon sa da ya fasa. “Ka ga ƙwaƙwalwar nan? Ko an dafa ta ba ta laushi. Ba laifinka ba ne, haka Allah ya yi mu. Ka dawo mu zauna a inuwa.”

Na ce masa ni ba sa ba ne. Amma maganarsa ta bi ni har gida. Ni mai haƙuri ne, sana'ar doya ta koya mini haka, ina iya kwana a bakin hanya ina jiran a gyara lori ban yi tsaki ba. Amma ban san yadda ake haƙuri da kai in ya bushe ba. Nakan zauna a ƙofar gida da hantsi in buɗe littafin nan in zuba masa ido har kaina ya yi ciwo. Sau da yawa na yi niyyar mayar wa ticha da kayansa. Abin da ya hana ni, in na faɗi gaskiya, fuskar taubashina ce. Ban so ya ga na dawo inuwa.

Wata safiya na tashi daga zaman nan a fusace, littafin ya zame daga cinyata ya faɗi ƙasa a buɗe. Na tsaya a kansa ina tunanin ko in bar shi a nan awaki su ci. Na duba ƙasa. A saman shafin, daga inda nake tsaye, na ga ra, na ga ƙu, na ga mi. Raƙumi. Ba ticha a kusa, ba wanda ya faɗa mini, kuma shafin nan ba mu kai gare shi ba. Na sunkuya in ɗauka, kalmar ta narke. Na miƙe, ta dawo. Na yi ta sunkuyawa ina miƙewa a ƙofar gida kamar mai ruku'u, har mai ɗakina ta leƙo.

“Malam, lafiya?”

“Kaina lafiya lau! Ido ne, ba kai ba ne!”

“To wannan ai na daɗe da sani.”

“Kin sani?”

“Mutumin da ya yanke farce har da nama? Ran nan ƙwaro ya faɗa maka a koko ka ce citta ce.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“In ce maka ka tsufa? Kai da ka kusa dukan yaron da ya ba ka benci?”

Murnata ta ragu da rabi. Na tuna tsohon fim ɗin nan da takardarsa, ja da baya, ƙara ja. Ashe ba ƙarya yaran suka shirya ba, a gida suka gani. Na kuma lura cewa tun kafin ranar nan na daina yi wa tsofaffin fim dariya yadda na saba. In an janye wa tsoho kujera ya faɗi, sai in ji ina tunanin ƙugunsa.

Magani a bayyane yake, amma yana da nauyi. A zangonmu ba kowa ke saka tabarau ba. Na karachi ne, wato mai aikin ofis, wanda karatu ya cinye masa ido. Shi ya biya da shekarun da ya yi a kan takarda, don haka ya cancanta. Tsohon tela ma a yi masa uzuri, in dai zai cire da ya tashi daga keke. Amma ɗan doya da bai gama ba, be, bi ba, ya ɗora tabarau a fuska? Ai ya sayi suna har ya mutu. Na san haka sarai. Na ce su kira ni abin da suka ga dama.

A Yendi ban saya ba, don ban so a yi mini taro. Na bari sai da na kai kaya Bawku. Bayan na sallami doya, kafin a fara loda albasa, na shiga cikin kasuwa wurin wani dattijo ɗan ƙabilar Moshi da na sha wucewa ta gabansa. Yana sayar da kwaɗo da batir da mataji, a gefe kuma ga tire cike da tabarau, sabo da tsoho, wani an ɗaure ƙafarsa da zare. Hausarsa ta kasuwa ce, wadda ba ta raba mace da namiji.

Na ce, “Baba, madubin ido nake so. Na kusa ne ba na gani.”

Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ga jar ƙasar doya a rigata. Ya zaro allura daga wuyan rigarsa, ya tsinko zare, ya miƙo mini tare da tabarau guda.

Na san yadda yake yi, don na taɓa tsayawa na gani. Gwaji biyu gare shi. In mai wando da riga cikin bel ya zo, sai ya ciro wata tsohuwar jarida daga ƙarƙashin tire ya ba shi. In tsohuwa ce ko manomi ko irina, allura da zare. Wanda ya zura, ya samu nasa.

Na ce, “Jarida za ka ba ni.”

“Jarida na karachi ne. Allura ya fi sauƙi. Zura kawai.”

“Ba ɗinki zan yi da shi ba.”

“Kai karachi ne?”

“Ɗan makaranta ne.”

Matar da ke sayar da daddawa a gefensa ta kwashe da dariya, ta faɗi wani abu da Kusasanci, yaren mutanen Bawku, wasu ma suka taya ta. Dattijon ya ce, “Alhaji, kar ka ɓata mini lokaci. Mutane da yawa ya zo nan, ya ce a ba shi madubi mai karatu. Madubi ba ya karatu. Wanda bai iya ba, ko ya sa goma bai iya ba.”

“Na sani. Ba ni jaridar.”

Ya ba ni, yana girgiza kai. Ta yi laushi kamar tsumma saboda hannuwa. Na saka tabarau na farko, ƙasa ta taso ta tarye ni. Na cire na saka wani, ya zama kamar ina leƙe ta cikin kwalba. Na yi ta canzawa, shi yana miƙo mini yana ƙunƙuni, masu kallo suna ƙaruwa, har na ɗora wani mai baƙin baki, gilashinsa ɗaya da ɗan tsagu a gefe. Sai baƙaƙen suka saki juna. Kowanne ya tsaya a wurinsa, da ƙafarsa da wutsiyarsa.

Amma da Turanci aka rubuta jaridar, ni kuwa ko gaisuwarsa ban fara a aji ba. Duk da haka na ɗora yatsa na fara, da ƙarfi, yadda ticha ya koya mana. Abin da ya fito daga bakina ba Hausa ba ne, ba Turanci ba ne, ba yaren kowa ba ne a kasuwar. Wani ɗan makaranta da ke tsaye ya riƙe ciki. Mai daddawa ta ce, “Baba yana roƙon ruwa ne?” Ban ɗaga kai ba. Na bar wannan kalma na kama ta gaba, na bar ta na kama wata, layi bayan layi. Na ce a raina, jarida guda ba za ta ƙare ba tare da ta faɗi abin da na sani ba.

Can tsakiyar shafi yatsana ya tsaya. Ta. Ma. Le.

“Tamale!” na ce. “Ga ta nan. Tamale.”

Na juya jaridar na nuna wa dattijon. Ya kalli wurin da yatsana yake, ya kalle ni.

“In ka ce Tamale ne, Tamale ne. Ni ban taɓa sanin abin da ke cikinsa ba. Shekara da shekaru ina ɗauke da shi.”

Ya naɗe mini tabaraun a ƙyalle. Na warware na saka a fuska.

Ba wanda ya gaya mini cewa na karatu ba a tafiya da shi. Da na sauka a Yendi, da gangan na bi ta mahauta da shi a idona, kaina a sama. Hanya tana lilo, mutane sun zama inuwa, amma na ƙi cirewa. Daidai rumfar taubashina na yi tuntuɓe da turken akuya, na dafa ƙasa da hannu biyu.

“Karachi!” ya yi ihu. “Jama'a ku zo, karachi ya sauka! Ranka ya daɗe, a kawo kujera ko a kawo tabarma?”

Na tashi na kakkaɓe riga, na sauke tabaraun zuwa ƙarshen hanci, na dube shi ta samansa. A nan na gane dalilin da ya sa tsofaffi ke saka shi haka.

“Ɗan gwaggo,” na ce, “yau na ga fuskarka sosai. Gara jiya.”

Sunan ya bi ni, kamar yadda na zata. Yara a lungu, direbobi a tasha, har wasu a masallaci. In an ce karachi sai in amsa da na'am. Da suka ga ina amsawa, daɗin ya ragu musu, amma ba su daina ba, ni ma ban daina ba.

Sauran kwanakin kafin gwaji na yi su a kan littafin nan. Ido ya dawo, amma karatun littafi sai da na sake koyonsa daga farko, don an bar ni a baya sosai. Ina tafiya a hankali, in haɗa baƙi da baƙi, in koma in sake.

Ranar gwaji ticha yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tashi ya karanta 'yan layuka. Da aka zo kaina na ciro tabarau daga jaka, na goge shi da bakin riga, na saka. Wani ya yi tari irin na dariya. Na buɗe shafin da aka ba kowa.

Ticha ya ce, “A'a, Baba. Wannan ka ji shi daga bakin mutum nawa yau. Kawo.”

Ya karɓi littafin ya buɗe can baya, inda bai taɓa koya mana ba, ya mayar mini. Labarin wata mata ce da ta je rijiya guganta ya tsinke. Na fara. Ina tsayawa a kowace gaɓa kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. Na ce guga, na ce igiya. A wata kalma na yi tuntuɓe, wani daga baya ya so ya faɗa mini, na ɗaga masa hannu ya yi shiru, na koma na kama ta da kaina: maƙwabciya.

Da na kai layi na huɗu ko na biyar ticha ya ce, “Ya isa, Baba. Ka wuce. Ka yi haƙuri da maganar da na yi maka. Zauna.”

“Ban gama ba, Ticha.”

“Ai na ce ka wuce.”

“Na ji. Amma matar nan har yanzu guganta yana cikin rijiya.”

Aka yi dariya, har da shi. Ya duba taga, rana ta yi ƙasa, akwai sauran mutane da bai gwada ba. Sai ya jawo kujerar yara ya zauna.

Na mayar da yatsana inda na tsaya, na ci gaba. Sai da na juya shafi kafin maƙwabciyar ta zo da ƙugiya.